Yadda ake sa kwantenar LXD ta shirya kanta tun tashin farko

Duk wanda ya saba ƙirƙirar kwantenoni (wato keɓaɓɓun tsarin Linux da ke gudana a cikin kwamfuta ɗaya) da manhajar LXD ya san gajiyar da ke cikin shiga kowace sabuwa domin girka manhajoji, buɗe asusu da gyara agogo da hannu. Manhajar cloud-init, wadda ta samo asali daga kamfanin Canonical, tana ɗauke wannan aiki, kuma tana cikin hotunan Ubuntu na hukuma (images, wato kwafin tsarin da ake tayar da kwantena daga gare shi) tun daga tushe.

Da farko a rubuta fayil da YAML, wani tsarin rubuta saiti, a raɗa masa suna saiti.yaml. Dole ne layinsa na farko ya kasance #cloud-config daidai yadda yake, domin da shi ne manhajar take gane irin bayanin da aka ba ta.

```
#cloud-config
timezone: Africa/Lagos
package_update: true
packages:
  - nginx
users:
  - default
  - name: mai-kula
    shell: /bin/bash
    groups: sudo
```

A lura da kalmar default a ƙarƙashin users: idan aka cire ta, ba za a ƙirƙiri asusun ubuntu da aka saba samu ba. Haka kuma YAML ba ya karɓar maɓallin Tab wajen matsar da layi, sai tazara zalla, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke tuntuɓe. Saboda haka ya kamata a tantance fayil ɗin da umarnin `cloud-init schema --config-file saiti.yaml` kafin a ci gaba.

Daga nan sai a tayar da kwantenar, wadda a nan aka kira gwaji, tare da miƙa mata fayil ɗin:

```
lxc launch ubuntu:24.04 gwaji --config=cloud-init.user-data="$(cat saiti.yaml)"
```

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, yawancin wannan shiri sau ɗaya ake gudanar da shi, wato a tashin farko. Wanda ya tayar da kwantena tukuna sannan ya ba ta saitin daga baya, zai yi ta jira bai ga an girka komai ba. A ganina, idan an yi kuskure, goge kwantenar a sake tayar da wata ya fi sauƙi da tsabta a kan ƙoƙarin tilasta wa cloud-init ta maimaita aikinta.

Domin sanin ko an kammala, a yi amfani da `lxc exec gwaji -- cloud-init status --wait`, wanda ba zai sake ka ba sai aikin ya ƙare. Idan wani abu ya lalace, bayaninsa yana cikin /var/log/cloud-init-output.log.

Mai buƙatar kwantenoni da yawa masu saiti iri ɗaya sai ya ƙirƙiri furofayil, wato kundin saiti da kwantenoni za su yi tarayya a kai, da `lxc profile create sabo`, ya zuba saitin a cikinsa ƙarƙashin cloud-init.user-data, sannan ya riƙa tayar da su da `-p default -p sabo`. Kada a manta da furofayil ɗin default a nan, domin galibi a cikinsa ne faifan ajiya da hanyar sadarwar kwantenar suke.