In za ka tafi aikin sa kai ƙauyukan Maradi daga Kano

Sau uku ina bin tawagar wata ƙungiyar agaji ta Kirista zuwa ƙauyukan Maradi, kuma duk dawowa sai matasan majami'armu a Sabon Gari su tare ni bayan sujada: "Yaya, ta ina ake farawa?" To ga yadda nake yi.

Takarda ce farko. Ka karɓi wasiƙa daga faston ikilisiyarku, sannan ka jira ƙungiyar ta aiko maka da gayyata mai sunanka da kwanakin da za ka yi. Kada ka saɓi jaka ka kama hanya don kawai ka ji ƙungiyar mishan ta SIM na da asibiti a Galmi tun 1950, ko cibiyar masu cutar kuturta a Danja. Wuraren nan suna da tsarinsu, baƙon da ba a shirya masa ba kuwa ɗawainiya ce. Ka haɗa da fasfo da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan. Tun juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, sha'anin iyaka yau fari gobe tsumma, don haka ka kira masu masaukinka ana jibi tafiya. Su za su ce ka bi ta Jibiya ko ka zagaya ta Daura da Kongolam. Ko ta ina ne, sammako za ka yi, kada magariba ta riske ka a hanya.

Ni na fi son tafiya bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mutane sun baro gona, suna da lokacin zama. Ka tafi da rigar sanyi da man leɓe, da gidan sauro ko da an ce maka babu sauro.

Kuɗi kuma, ka leƙa Wapa ka canji sefa tun daga nan, ka roƙi ƙanana. Sai ka koyi lissafin dala, don can ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai a baki. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika ɗaya sefa 1,000. Tafiyata ta farko mai fura ta ce min dala ashirin, na miƙa mata kwabon 25 na tsaya jiran canji. Ta dube ni, ta dubi kwabon, ta ce, "Malam, daga Najeriya kake ko?" Har yau abokan tafiyata ba su bar ni na huta ba. Hausarsu ma sai ka kasa kunne: makaranta lakwal ce, asibiti likita, likitan kansa lokotoro.

Da kun isa, ku bar kaya a mota tukuna. Ku tafi ƙofar maigari, ku tuɓe takalmi, ku durƙusa ku gaisa, ku bar jagoranku ɗan ƙasa ya yi bayani. Ku gaida liman ma. Galibin waɗanda za ku yi wa hidima Musulmi ne, in an kira salla a dakatar da layi. Mu mukan yi addu'armu da waƙarmu da asuba a masauki, kuma ba mu taɓa sa jin wa'azi ya zama sharaɗin karɓar magani ba. Wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni nakan gaya masa gaskiya, sunan Yesu ne. 'Yan'uwa mata, zane da mayafi, a bar wando a Kano.

In ba ka da ilimin asibiti kamar ni, aikinka rubuta suna a kati, ɗebo ruwa, tsara layi, da awon damtsen yara. Wannan na ƙarshe ka koye shi da kyau. Tsiri ne mai launi uku da ake naɗa wa yaro ɗan wata 6 zuwa 59 a tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Kada ka matse, kada ya yi sako-sako. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai ka kai uwar gaban ma'aikaciyar jinya da kanka, ba tare da ɗaga murya ba, don sauran mata suna kallo. Kada ka ɗauki hoton yaron. Alawa ma na daina rabawa tun ranar da yara suka ture wata tsohuwa a kanta.

Ranar dawowa ka damƙa wa ma'aikacin lafiyar garin littafin sunaye da ragowar tsirin awo, ka karɓi lambarsa ta WhatsApp, don shi zai ci gaba da bibiyar yaran. Ka kuma rage wuri a jaka. Zuwana na ƙarshe maigari ya ba ni zakara ɗaure da ƙafa, na riƙe shi a cinya har Kano.