Yadda Ake Hayayyafa Macijin Madara Zabiya Ba Tare Da Gurɓata Jininsa Ba

Macijin madara ɗan nahiyar Amurka ne marar dafi, zabiyarsa kuwa ita ce wadda baƙaƙen zobban jikinta suka koma farare, idanunta suka yi ja. Mai son hayayyafa shi a Kaduna ya fara da tantance asali, domin a nan ake yin kitso da ƙwarƙwata. Nau'in Nelson da na Sinaloa duk daga Meziko suke, suna barbarar juna cikin sauƙi, kuma da yake a Nelson aka san zabiya, masu kiwo sun sha haɗa su domin su sami zabiya mai faffaɗan ja irin na Sinaloa. Wannan ruwa biyu ne, ko da ya fi iyayensa kyau. Ido ba zai raba gardama ba, saboda haka a nemi rubutaccen tarihin iyaye da kakanni, in babu shi a haƙura.

Zabiyanci ba ya bayyana sai an gado shi daga uwa da uba. Idan aka haɗa zabiya da wanda ke ɗauke da shi a ɓoye, ana sa ran rabin 'ya'yan su fito zabiya. Idan duka biyun a ɓoye suke ɗauke da shi, ɗaya cikin huɗu ne.

Da an sami mace mai shekara 3 da ƙoshin lafiya, sai a daina ciyar da ita da namijin mako 2, sannan a ajiye kowanne daban a wuri mai duhu da sanyin digiri 13 zuwa 15 na kimanin wata 2, ana ba su ruwa kawai, domin jikinsu ya shirya barbara. Hunturun Kaduna bai isa ba, domin rana na yi zafi ya dawo, dole a tanadi na'urar sanyaya ɗaki da sola.

Bayan an ɗumama su an ciyar da su ɓeraye, ranar da macen ta yi saɓa a kai mata namijin, amma a tsaya a kansu, saboda wannan maciji yana haɗiye ɗan'uwansa. Idan ta saka ƙwai a akwati mai danshi, a yi wa saman kowanne alama da fensir, kada a juya shi, a riƙe zafi a digiri 27 zuwa 28, abin da zai yi wuya a watan Maris da Afrilu. Suna ƙyanƙyashewa bayan kimanin wata 2 a raba su, kowanne da mazubinsa, a rubuta sunan uwa da uba a murfi, wanda yake ruwa biyu kuma a sayar da shi a matsayin ruwa biyu.