Yadda za ka samu a yi maka hidima da Faransanci a lardin Nova Scotia

Lardin New Brunswick kaɗai ne a Kanada ya ɗauki Turanci da Faransanci a matsayin harsunan hukuma kafaɗa da kafaɗa. Maƙwabciyarsa Nova Scotia ba haka take ba, don haka ɗan Nijar ko Kamaru da ya sauka Halifax, babban birnin lardin, da Faransancinsa sai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Dokar hidima da Faransanci ta 2004, da ƙa'idojinta na 2006, ba su hau kan kowane ofishi ba, sai ma'aikatu da hukumomin da aka zayyana. Kowacce daga cikinsu tana fitar da tsarin aikinta na shekara, ma'aikatun kuma suna da jami'in da ke kula da wannan fanni. Ofishin Harkokin Akadiyawa (zuriyar Faransawan da suka fara zama a yankin) da Masu Faransanci ne ke mara musu baya.

Idan ka shiga ofishi, duba allo ko ƙirjin ma'aikaci. Alamar "Bonjour!" na nufin kana iya fara magana da Faransanci kai tsaye. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne mutum ya gaisa da Turanci don kara, ma'aikaci ya ɗauka ya iya, a ci gaba a haka har a zo kan takardar da bai fahimta ba. Sau da yawa mai Faransancin mutum ɗaya ne a ofis, in ya tafi hutu shi ke nan. Buga waya tukuna ka nemi a tsayar maka da rana.

Rubutu ya fi baki ƙarfi a nan: ƙa'ida ta ce wasiƙar da ta iso da Faransanci, da Faransanci za a amsa ta. Ajiye kwafi.

Makarantun Faransanci na gwamnati suna hannun CSAP, hukumar makarantun Akadiyawa ta lardin, wadda aka kafa a 1996. Sashe na 23 na kundin haƙƙoƙin Kanada 'yan ƙasa ya bai wa haƙƙin shiga, saboda haka baƙo sai an duba buƙatarsa. Shigar da ita da wuri, tare da sakamakon yaron na makarantar baya.

Fasfo da takardun zama kuwa na gwamnatin tarayya ne, dokarsu daban, kwamishinan da ke sauraron ƙorafinsu daban. Kada ka kai kukansu ofishin lardi.

A yankunan Akadiyawa irin su Clare, Argyle, Chéticamp da Isle Madame an fi samun hidimar cikin sauƙi, sai dai karin harshen Akadiyawa kan wahalar da kunnen da ya saba da Faransancin Yamai. Ka ce a maimaita a hankali, ba abin kunya ba ne.