Yadda ake ciyar da ƙwayoyin hanjin tsofaffinmu da abincin gida

Da haƙoran Inna suka zube, sai muka mayar da ita kan shayi da burodi da taliya, a ganinmu gata ne. Ba a jima ba bayan gida ya soma yi mata wuya, ƙarfi kuma ya ja baya. Ashe ba ita kaɗai muka bari da yunwa ba.

A jikin baligi akwai ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Abincinsu shi ne ɓangaren hatsi, wake da ganye da cikinmu ba ya iya narkarwa. In sun ci, sai su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji su rage kumburi. Wani bincike a ƙasar Ireland a 2012 ya gano cewa tsofaffin da ba a sauya musu abinci ire-iren ƙwayoyinsu sun ragu, kuma su ne suka fi rauni. Ga yadda muka gyara.

Fara da hatsi. In za a yi surfe, kada a cire dusa ƙwal har gero ya yi fari tas, a bar masa saura. Tsohon da ba ya iya tauna tuwo, a dama masa kunu ko fura mai laushi. Masu bincike sun gwada yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da na birnin Florence a Italiya a 2010. Yaran ƙauyen, masu cin gero, dawa da wake irin namu na Ader, yankinmu na jihar Tahoua a Nijar, su suka fi yawan ire-iren ƙwayoyi masu amfani.

Sai wake, amma da lalama. Cokali biyu ko uku a rana a makon farko, a jiƙa shi tun dare, a dafa ya yi luguf. In aka cika kwano rana ɗaya, ciki zai kumbura, tsoho ya rantse ba ya ƙarawa. Haka Inna ta yi mana: "Ku ƙyale ni da wakenku, 'ya'yan nan!" Sai da na koma murje mata shi cikin miya.

A riƙa sauya miya: kuka yau, gobe kuɓewa, jibi zogale, da daddawa da albasarmu ta Galmi.

Nono mai tsami yana kawo ƙwayoyi masu rai, sai dai a nan nake roƙon a kula. A tafasa madarar tukun, ta huce, sannan a zuba ɗan tsohon nono ta kwana a rufe. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu, jikin tsoho kuwa ba ya jure wannan. Ruwan damun ma ya zama mai tsabta, sukari kuma kaɗan.

Kada a sayo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta wurin masu yawo da tire a kasuwar Tahoua don kawai ya yi mura. Maganin ba ya tantance mugu da nagari, duka yake sharewa. Sai in likita ne ya rubuta.

A ajiye masa ruwan sha kusa da tabarma, don ƙishirwa ba ta cika damun tsoho ba ko da jikinsa na bukata, a kuma riƙe hannunsa ya taka zuwa masallaci ko ƙofar gida. In aka ga jini a bayan gida, ko rama babu dalili, ko gudawa ta ƙi tsayawa, a kai shi asibiti ran nan.