Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Bin Ɗan Jagora da Hayar Jif a Hamadar Dubai

Wanda ya je Dubai saro kaya ya samu rana guda ta hutu, sau da yawa hamada yake son gani. Ko dai ka biya kamfanin yawon buɗe ido su ɗauke ka, ko ka yi hayar jif ka tuƙa da kanka.

Da farko ka tambayi kanka: ka taɓa tuƙi a kan tudun rairayi? Ƙwarewa a kan kwalta ba ta da amfani a nan. Sai an rage iskar taya zuwa wajen psi 15 a ma'aunin iskar taya, ga sanin inda tudu yake yankewa ta baya. Wanda ya taka birki a gefen gangara, motar na iya kifewa da shi. In ba ka taɓa ba, bi direba kawai.

Na biyu, zaɓi wurin zuwa. Gandun Dubai Desert Conservation Reserve, mai faɗin murabba'in kilomita 225, kamfanoni masu izini kaɗai ke shiga da baƙi. Jajayen tuddan Lahbab da yankin Al Qudra kuwa a buɗe suke ga mai motarsa.

Na uku, kuma nan ne ake yawan tafka asara: karanta takardar inshora kafin ka sa hannu. Yawancin kamfanonin haya inshorarsu a bakin kwalta take tsayawa, ko da Land Cruiser ce suka ba ka. Motar ta kafe ko ta lalace a yashi, kuɗin janwe da na gyara duk a wuyanka. Sa su rubuta maka cewa an yarda ka shiga rairayi. Ka kuma tanadi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da katin banki na kuɗin ajiya.

In ka tsaya kan haya, kada ka shiga da mota ɗaya. Ku zama aƙalla biyu, da shebur, igiyar ja, famfon iska da ruwa mai yawa. Tsakanin Nuwamba da Maris ya fi. Da bazara zafi yakan haura digiri 45.

In kuma kamfani ka zaɓa, sukan ɗauki mutum daga otal wajen La'asar su dawo da shi bayan Isha'i. Tambaye su wurin sallar Magariba, da abin da ake yi a sansanin da ake yada zango cikin hamadar, don galibi akwai rawar mata bayan cin abinci, wasu ma da giya. Mai ciki da mai ciwon baya su ce a cire musu hawan tuddai.