Kaska a Jiki: Yadda Ake Cire Ta, da Zazzaɓin da Ke Biyo Baya

Daga saukar ruwan farko, wajen Afrilu a tsaunukan Ngaoundéré, Mayu zuwa Yuni a Garwa da Marwa, kaska takan yi yawa a makiyayar arewacin Kamaru. Makiyayi, mai yankan ciyawa, mai itace, mahauci, yaron da ke kora awaki, duk suna kan hanyarta. Ba ta tashi, ba ta tsalle. Wata takan lafe a bakin ciyawa har mai wucewa ya goge ta, wata kuma ta biyo mutum a ƙasa idan ya zauna a inuwar da shanu suka kwanta.

Iri biyu ne suka fi damun mutum a wannan yanki. Akwai mai ado a baya, ruwan goro da baƙi, wadda ke cika nonon saniya da ƙarƙashin wutsiya. Masana na kiranta Amblyomma. Ita ke kawo zazzaɓin cizon kaska, kuma inda ta yi yawa kirci kan addabi shanu. Sai Hyalomma mai ƙafafu rodi-rodi, ta wuraren fari kamar gefen Kusiri da cikin Cadi, wadda ke ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini.

Kafin shiga jeji, a sa dogon wando, a cusa bakinsa cikin safa ko takalmin roba mai tsawo, riga kuma a cusa ta cikin wando. Tufa mai haske ta fi, don kaska na fitowa fili a kanta. Man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 yana aiki a fata. Maganin feshin shanu kuwa, amitraz ko cypermethrin, ba na jikin ɗan Adam ba ne, ko da an sirka.

Duba jiki da yamma shi ne babban aikin. Hammata, matse-matsi, bayan gwiwa, cibiya, inda zariyar wando ke zama, bayan kunne da cikin gashi. 'Ya'yanta ba su fi ƙwayar riɗi ba, cizon kuma ba ya zafi, don haka a shafa da yatsa, kada a dogara da ido kaɗai. Yara uwa ce za ta duba su lokacin wanka. Tufafi a wanke da ruwan zafi ko a goge da dutsen guga. Ruwan sanyi ba ya kashe ta.

In an same ta a maƙale, a nemo hantsaki mai siririn baki. A kama ta daf da fata, wajen bakinta, ba kumburarren cikin ba. A ja sama kai tsaye, a hankali, da ƙarfi iri ɗaya, har ta saki. Kada a fizga, kada a murɗa, domin bakin Amblyomma dogo ne, yana karyewa a ciki. In babu hantsaki, a yi zarge da zare, a zura shi ƙasa da jikinta har ya taɓa fata, a tsuke, a ja. Sai a wanke wurin da hannuwa da sabulu, a shafa Betadine. Guntun bakin da ya rage ba sai an tone shi da allura ba, fata kan fitar da shi da kanta. In wurin ya yi mugunya sai a kai asibiti.

Kananzir, man shafawa, wutar sigari, ashana, duk a bar su wajen cire ta. Suna ɓata lokaci, kaskar na nan tana zuba yawu. Mafi muni shi ne murƙushe ta da farce, yadda aka saba in ana tsince wa shanu: jinin cikinta na iya shiga ta tsagar fata ko ya fantsama a ido. Bayan an cire ta, a jefa ta cikin kwalba mai kananzir ko cikin wuta.

A riƙe ranar cizon a ka. Zazzaɓin cizon kaska yakan taso bayan kwana 5 zuwa 10, da ciwon kai da na jiki, da kaluluwa, da baƙin ɓawo a inda ta ciza, wani lokaci fiye da ɗaya. Nan ne ake kuskure, sai a ce maleriya ce, a sha Coartem kwana uku, jiki bai sauka ba. Maganinsa doxycycline ne, amma ma'aikacin lafiya zai rubuta, musamman ga mai ciki da ƙaramin yaro. Shi kuwa ba zai yi tunanin kaska ba sai ka faɗa masa, ka kuma nuna masa tabon.

Kirimiya-Kongo ya fi gaggawa: kwana 1 zuwa 3 bayan cizo, ba ya wuce 9. Zazzaɓi ne farat ɗaya, jan ido, ciwon baya, amai, daga baya haɓo, jinin dasashi ko baƙin bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ya kama. Kada a ba da aspirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jinin. Paracetamol kawai, sai asibiti nan take, mai jinya kuma kada ya taɓa jini ko amai da hannu tsirara. Dabbar da ke ɗauke da cutar lafiya ƙalau take a ido, shi ya sa mai yanka da mai fiɗa, a mayanka ko ranar layya, su sa safar hannu, su kuma rufe duk wani yanka da ke hannunsu kafin su kama wuƙa.