Kurakuran da kwamitocin unguwa ke ta maimaitawa

Duk damina sai wani sabon kwamitin ci gaban unguwa ya taso, a yi karo-karo, a sayi siminti, sannan a tafka kuskuren da mu muka tafka tuntuni. Aikin sabunta birnin Kaduna da aka fara a 2019 ya taɓa manyan tituna da gadar Kawo, amma lungu yana hannunmu, kuma mu muke ɓata shi.

Babban kuskure shi ne fara lambatu daga sama. A layinmu a Rigasa mun fara daga ƙofar waɗanda suka fi ba da kuɗi, muka gangaro, kuɗi ya ƙare a tsakiya. A da ruwan yana bazuwa ƙasa ta shanye rabi. Da muka yi masa hanya, ruwan Agusta ya haɗu ya zubo kai tsaye gidan wata dattijuwa mai ƙosai a gangare, katangar ƙasa ta zube cikin dare. Da safe na same ta tana shanya tabarmi a kan duwatsun murhu. Ta ce, "Ɗana, da kuka zauna taronku, wa ya aiko a kira ni?" Na rasa ta cewa. Taron a ƙofar masallaci muka yi bayan Isha'i, maza zalla, masu gida zalla. Ni na sayi bulon katangar da kuɗin makarantar yarana.

Yanzu ba na yarda a haƙa ko taku ɗaya sai na ɗauki lema ana tsaka da ruwa na bi shi har inda yake fita. Daga can ake farowa, a hauro. Taro kuma ranar Asabar da hantsi, a firamare, da mata da 'yan haya da maƙwabtanmu Kiristoci. Matan da ke zubar da ruwan wanki sun fi duk wani birkila sanin gangaren layi. Ku daina yanke wa mutane hukunci ba sa nan!

Na biyu, sayen fuloti da rani. Dillali zai kai ka bakin Kogin Kaduna a watan Maris, ka ga wuri fes, ga araha. Je ka tambayi mutanen unguwannin Kigo Road da Rafin Guza yadda ambaliya ke yi musu da damina. Ni sai a Satumba nake duba fili. Takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa ba: a bincika a KADGIS, hukumar filaye ta jiha, a nemi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane, kafin a aza harsashi.

Dakali kada ya cinye hanyar da motar kashe gobara za ta bi. Burtsatse nesa da masai, har na maƙwabci. Kwalbati a yi masa gangare, saboda mai baro da mai keken guragu. Darbejiyar ƙofar gida kuwa, wanda ya sare don shago, a sa shi ya dasa biyu kafin a karɓi kuɗinsa na karo-karo.